Ruwan 1 ga Satumba: Yadda Wagadugu Ta Kwana da Tsoron Fari, Ta Tashi Cikin Ambaliya

Wagadugu gari ne shimfiɗaɗɗe. Duk inda mutum ya tsaya a cikinsa, ko Zogona ko Tanghin ko Gounghin, ba zai hango tsauni ba. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Burkina Faso, wato Tenakuru mai mita 749, yana can yamma a bakin iyakar Mali, nesa ƙwarai da babban birnin. Shi ya sa mutanen garin suka taso suna tsoron fari da yunwa da sanƙarau, amma ambaliya ba ta cikin lissafinsu. A ganinsu ruwa mai cin gari na mutanen gindin dutse ne, ko na mazauna bakin Kwara. Ranar Talata, 1 ga Satumba 2009, ta rushe wannan zato, ta haɗa da gidaje kusan 25,000.

Ba za a gane abin da ya faru a ranar ba sai an koma baya an ga yadda garin ya zauna. Wagadugu fadar Mogho Naaba ce, babban sarkin Mosi, kuma tun kafin zuwan Nasara kakanninmu fatake sun san ta. Ayarin da ya taso daga Kano ko Katsina da kanwa da tufafi da jemammiyar fata, ya ƙetare Kwara ya ratsa Gurma, wani sashensa yakan biyo ta ƙasar Mosi kafin ya gangara Salaga ta Gwanja neman goro. Waɗanda suka sauke kaya ba su sake ɗauka ba su ne suka kafa zango da izinin sarki, unguwar da aka sani da Zangouettin a tsakiyar gari. Mutanen wancan zamani, Mosi da Hausawa da Yarse da Fulani, sun san ƙasar da suke takawa. Gida a kan tudu ake yinsa. Kwari kuwa na shinkafa ne da lambu da ramin ɗibar ƙasar gini, kuma kowa ya san da damina mai shi, wato ruwa, zai dawo.

Garin yana da rafuka na damina waɗanda ke gangarowa daga kudu zuwa arewa: na Kadiogo, wanda aka fi kira da sunan Mogho Naaba, da na tsakiyar gari da ke bi ta Paspanga, da na Zogona, da na Wemtenga. Dukansu kwari ɗaya suke nufa, wanda ya ratsa arewacin gari daga yamma zuwa gabas. A cikin wannan kwari aka jera madatsun ruwa uku, baraji na ɗaya da na biyu da na uku, domin gari ya sami ruwan sha. Ruwan da ya tsallake na uku yana shiga dajin Bangr-Weoogo, can kuma rafin Zogona yake zubewa bayan ya bi gefen jami'a. Daga dajin sai kogin Massili, daga Massili sai Nakambe, wanda ke gangarawa Gana. A riƙe wannan da kyau: ruwan gari guda, mafita ɗaya, kuma ƙasar ba ta da gangaren da zai tura shi da sauri.

A ranar 1 ga Satumba 1896 ne hafsan Faransa Voulet ya shiga Wagadugu, Mogho Naaba Wobgo ya fice daga fadarsa. Shi ne Voulet ɗin da a 1899 shi da abokinsa Chanoine suka ƙone Birnin Ƙonni, suka kuma yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu. A 1919 garin ya zama hedikwatar sabuwar ƙasar mallaka ta Haute-Volta. Turawa suka tsaga tituna miƙaƙƙu a inda ofisoshinsu da kantunansu suke, suka yi musu lambatu, sauran unguwanni kuwa aka bar su yadda Allah ya yi su. Jirgin ƙasa daga Abijan ya iso a 1954. Duk da haka, lokacin samun 'yancin kai a 1960 mutanen garin ba su wuce kimanin 60,000 ba, kuma wurare irin Zogona bakin gari ne, gonaki sun fi gidaje yawa. Sai da aka kafa Jami'ar Wagadugu a 1974, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Joseph Ki-Zerbo, Zogona ta zama unguwar ɗalibai da masu ɗakunan haya da masu sayar da abinci da masu gyaran babur.

Daga nan fari ya shigo tarihin. Na farkon shekarun 1970 ya kashe dabbobi ya kori manoma, na 1983 zuwa 1984 ya ƙarasa abin da ya rage. A 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS domin yaƙi da fari, hedikwatarta kuma a Wagadugu take. Duk shirin da gwamnati da masu ba da agaji suka yi a waɗannan shekaru a kan rashin ruwa aka gina shi: rumbun tsimi, rijiyar burtsatse, dashen itace, raba hatsi. Ba laifinsu ba ne, abin da ke kashe mutane ke nan a lokacin. Amma fari ya yi wata ɓarna da ba a lura da ita ba. Shekara da shekaru rafuka ba su cika ba, har aka sami yaran da suka girma ba su taɓa ganin ruwa ya hau gaɓa ba. Baƙon da ya zo daga ƙauye da tabarmarsa ya ga fili a kwari babu mai shi, ƙasar gini ga ta a gindinsa, kasuwa kusa. Ina zai je?

Alƙaluman ƙidaya sun isa shaida. A 1985 an ƙirga mutum 441,514 a Wagadugu, a 1996 suka kai 709,736, a 2006 kuwa 1,475,223. Gwamnatin Thomas Sankara, daga 1983 zuwa 1987, ta mayar da ƙasa mallakar hukuma, ta raba garin sassa 30, ta yanka filaye dubbai ta ba talakawa. Aiki ne babba, amma yankan fili ya fi haƙa lambatu sauri da araha, don haka unguwanni da yawa suka sami titi da lambar gida ba tare da hanyar ruwa ba. Bayan Sankara kuma aka shiga wata al'ada da duk mazaunin Wagadugu ya sani. Mutum ya je bayan gari, inda ake kira nonloti, wato inda hukuma ba ta riga ta yanka ba, ya sayi ɗan wuri a hannun mai gona, ya ɗora ɗaki ɗaya na bulon ƙasa, ya rufa kwano, ya zauna jiran ranar da za a zo ƙidaya a ba shi fili na doka. Ba wanda zai zuba siminti a ginin da ya san katafila za ta iya turewa gobe. Saboda haka aka sami dubban ɗakuna marasa tushe, bangonsu zaune kai tsaye a kan ƙasa, da yawa a cikin kwari ko a bakin tsofaffin ramukan bulo. Wannan ba sakaci ba ne irin na malalaci. Lissafi ne na talaka, kuma tsarin rabon ƙasa ne ya koya masa shi.

Hausawan garin sun sami tasu girgizar kafin ruwa. A 2003 aka rushe Zangouettin da maƙwabtanta a ƙarƙashin shirin ZACA, domin a mayar da tsakiyar gari wurin kasuwanci da ofisoshi. Aka kwashe mutane zuwa gefen Ouaga 2000 da Nioko, wasu suka karɓi diyya suka watsu cikin sauran unguwanni, 'yan haya kuwa kowa ya kama gabansa. Ni a ganina asarar da ta fi ta gine-gine ita ce ta sanayya. A tsohon zango mai unguwa da liman sun san gidan da tsohuwa take kwance, sun san inda almajirai ke barci, sun san mai jego. Ranar tashin hankali wannan sani shi ne agajin farko, tun kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso. Shekara shida bayan an wargaza shi aka neme shi.

An shiga Satumbar 2009 cikin azumi, Ramadan bai kai rabi ba. Ruwan Agusta ya riga ya ƙosar da ƙasa, madatsu sun ɗauki rabonsu. Wajen ƙarfe huɗu na asuba, lokacin da Musulmi ke sahur, aka fara ruwa. Ba wanda ya damu, ruwan asuba ba baƙo ba ne. Gari ya waye ana yi, hantsi ya yi ana yi, har aka kai bayan azahar. Da masu awo suka duba, milimita 263 ne suka sauka cikin abin da bai kai awa 12 ba, a garin da ruwan shekararsa gaba ɗaya yake tsakanin 700 zuwa 800. Wato sulusin damina a wuni guda. Don mai karatu ya ga girman abin: kowace milimita lita ɗaya ce a kan murabba'in mita ɗaya, saboda haka gida mai murabba'in mita 300 ya karɓi lita kusan 79,000, kimanin duro 400 ke nan. Kowane gida haka, kowane titi haka, duka kuma suna neman mafita ɗaya.

Magudanun suka cika suka tumbatsa, ta Zogona da ta Wemtenga da ta Mogho Naaba. Ruwa ya haura madatsu, ya bazu cikin Dapoya da Paspanga da Ouidi da Tanghin. Gadoji suka nutse, gari ya rabu gida-gida, mai son zuwa duba iyayensa a ƙetaren baraji sai dai ya tsaya yana kallo. Motoci da babura suka bi ruwa. Babban asibitin ƙasar, Yalgado Ouédraogo, wanda ke dab da baraji na uku, ruwa ya shiga ɗakunansa, sai da aka kwashe marasa lafiya zuwa wasu asibitoci, na'urori masu tsada suka lalace, har da na wankin ƙoda. Tashar wutar lantarki ta kamfanin SONABEL da ke Paspanga ta nutse. A hedikwatar bikin finafinai na FESPACO ruwa ya shiga ma'ajiyar finafinan Afirka, ya jiƙa faifan da aka shekara ashirin ana tarawa daga ƙasashe daban-daban.

Amma ɓarnar gaske a gidajen ƙasa take. Ginin ƙasa yana jure ruwan sama in rufinsa da yaɓensa na da kyau. Abin da ba ya jurewa shi ne ruwa ya kwanta a gindinsa. Bulon ƙasan ya sha ruwa ya narke kamar sukari a shayi, bango ya zauna, kwano ya biyo shi. Mutane suka fito da yara a wuya, da ɗan abin da hannu ya iya ɗauka, suka tsaya a titi suna kallon gidajensu na zubewa ɗaya bayan ɗaya. Takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardar fili, buhun masara, jarin mai koko, duka suka tafi. Kimanin mutum 150,000 ne suka rasa matsuguni, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane goma na garin. An yi asarar rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da a ce ƙarfin ruwan tsakar dare ya zo, mutane na barci a cikin waɗannan ɗakuna, da abin da za a ƙirga ya wuce haka nesa ba kusa ba. Rahamar da aka samu ita ce rana ta fito musu suna farke.

A daren wannan Talata zuwa wayewar Laraba, can arewacin Nijar, Agadas ma ta sha nata, kuma nata irin na ƙasar duwatsu ne. Ruwa ya sauka a kan duwatsun Azbin, ya taru a ƙoramar Telwa, ya fasa shingen da aka yi don kare gari, ya afka wa unguwanni cikin duhu. Gidaje dubbai suka rushe, lambunan da ke bakin ƙorama suka cika da yashi, dabbobi suka halaka. Yana da kyau a aza biyun gefe da gefe. A gindin dutse ruwa daga nesa yake zuwa, da gudu, ɗauke da duwatsu da itace. Ana iya yin sa a sama kai ba ka ga ko ɗigo ba, sai rugugi. Abin da ke ceton rai a can shi ne labari mai sauri daga na sama zuwa na ƙasa, da shinge mai ƙwari, da sanin tudun da za a gudu. A shimfiɗaɗɗen gari kuwa ruwan daga rufinka da na maƙwabcinka yake fitowa, a hankali yake tashi, abin da ke ceto shi ne buɗaɗɗiyar hanya da tushen gini. Mutumin Azbin yana ganin dutsen kullum, yana tuna masa. Mutumin Zogona ba abin da ke tuna masa sai busasshiyar magudana da wata takwas take zaune babu ruwa, har ya ɗauke ta juji.

Ruwan Wagadugu bai tsaya a Wagadugu ba. Bayan kwana uku aka buɗe ƙofofin madatsar Bagre da ke kan Nakambe, ruwan ya gangara ya ci gonaki a arewacin Gana. Har yau duk ƙarshen damina manoman can suna kasa kunne su ji ranar da za a buɗe Bagre.

A cikin gari kuwa aka buɗe makarantu da masallatai da coci-coci, mutane suka cika azuzuwa. Firaminista Tertius Zongo ya ce ana bukatar sefa biliyan 70 don gyara, Shugaba Blaise Compaoré ya yi kiran gudummawa, magajin gari Simon Compaoré da hukumar agaji ta CONASUR suka shiga rabon abinci da tabarmi. Dole a faɗi alherin jama'a: maƙwabta sun ciyar da maƙwabta, masu buɗa-baki sun raba kwano biyu, 'yan kasuwa sun ba da abin da suka iya. Iyalai da yawa a aji suka yi ƙaramar salla. Da Oktoba ta matso, lokacin komawa makaranta, aka mayar da su tantuna, daga baya aka yanka musu filaye a Yagma, arewa maso yamma da gari, aka haɗa musu da siminti da kwano da ɗan kuɗi.

A nan ne nake ganin an yi rabin aiki. Yagma tudu ce, ruwa ba zai ci ta kamar Dapoya ba, wannan gaskiya ne. Amma tafiya ce mai nisa daga tsakiyar gari, kuma lokacin da aka kai mutane ruwan sha da hanya da asibiti duk ba su wadata ba. Mai wankin kaya, da mai tura baro a babbar kasuwa, da mai lambu a bakin baraji, abincinsu yana inda suka baro. Kuɗin man babur na zuwa da dawowa ya cinye ribar wuni. Saboda haka da yawa suka sayar da filin ko kayan ginin suka koma bakin ruwa. Ana yawan zaginsu da taurin kai. Ni ban ga taurin kai ba. Wanda aka ba zaɓi tsakanin ambaliyar da ƙila ta zo bayan shekara goma da yunwar da tabbas za ta zo gobe, an san wanda zai ɗauka.

Ta fuskar doka an motsa. A Nuwambar 2009 gwamnati ta fitar da dokar da ta hana gini cikin mita 100 a kowane gefe na manyan magudanun ruwa, ta kuma ayyana wuraren da ruwa ke ci. A 2014 majalisa ta zartar da dokar rigakafi da kula da bala'o'i, ta kuma zartar da wata da ta hana ledar da ba ta ruɓewa. An faɗaɗa mafitar ruwa ta dajin Bangr-Weoogo, an ƙara tsawon magudanar Mogho Naaba. Waɗannan ayyuka ne na gaske, kuma sun rage wahala. Sai dai garin bai tsaya jiransu ba. Ƙidayar 2019 ta sami mutum 2,415,266. Rikicin 'yan bindiga da ya taso tun 2015 ya raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu a faɗin ƙasar, a lissafin CONASUR na 2023, wasunsu kuma gefen birane suka nufa, inda fili mafi araha shi ne wanda ruwa ke bi. A Satumbar 2020 sai da gwamnati ta ayyana dokar bala'i saboda ambaliya. Maƙwabta ma ba su tsira ba: Yamai a 2020, Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, Mokwa a Mayun 2025. Masana yanayi sun nuna cewa tun shekarun 1980 guguwar ruwa mai ƙarfi tana ƙaruwa a Sahel. Ruwan yana zuwa ne a dunƙule, ya sauka kan siminti da kwalta da kwano, inda da can gona ce mai shanye shi.

In aka yi irin wannan magana sai wani ya ce ai ƙaddara ce. Ba mai musun ƙaddara, ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi gwargwadon da ya so. Amma ledar ruwan sanyi da tsohuwar katifa da tayar babur da ke kwance a magudanar Zogona ba daga sama suka sauko ba. Da hannunmu muka zuba su, da dare, bayan mun waiga ba kowa. Su ne ke taruwa a ƙarƙashin gada su toshe ta, ruwan ya juya ya shiga ɗakin ɗalibin da ya zo karatu daga Dori ko Fada N'Gourma. Haka nan mai gidan haya da ya ƙara ɗakuna har bakin magudana, ya cinye hanyar ruwa don ƙarin kuɗin wata, shi ma ba zai laɓe bayan ƙaddara ba. Tun ran gini ran zane: jeri uku ko huɗu na bulon siminti ko jan dutse a gindin bango, da dokin ƙofa mai tsawo, sun raba gidan da ya tsaya da wanda ya faɗi a 2009, kuma kuɗinsu bai kai na sake gini ba.

Akwai abin da sai hukuma. Yashe baraji da ya cika da laka, gina lambatu kafin a raba fili ba bayan an raba ba, kare asibitin Yalgado, da sama wa mazauna kwari wuri kusa da sana'arsu, duk sun fi ƙarfin unguwa. Amma isar da labari bai fi ƙarfinmu ba. Hukumar yanayi ta ƙasa tana fitar da gargaɗi, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana ba da hasashen damina tun kafin ta faɗi, sai dai yawanci da Faransanci, a rediyo da intanet, tsohuwar da ke cikin lungu ba ta ji ba. Lasifikar masallaci da ke tashe mu sahur tana iya faɗin wannan da Hausa da Mosanci cikin minti biyu.

Kirana ga limamai da shugabannin Hausawa da ƙungiyoyin matasa da na mata a Zogona da sauran unguwannin Wagadugu shi ne kada a jira Agusta. Tun watan Mayu a fito gayya a yashe lambatun ƙofar gida, a matsa wa hukumar birni ta kwashe abin da aka fitar kafin ruwan farko ya mayar da shi. A rubuta gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya da makarantun allo, a san matasan da za su je kansu. A tsayar da makaranta ko masallacin da ke kan tudu wanda za a nufa, kowa ya san shi tun rana na sama. Kowane gida ya haɗa takardunsa a abin da ruwa ba ya shiga, ya rataye sama, yara kuma su haddace lambar 'yan kwana-kwana, 18. Yaran da aka goya a baya ranar 1 ga Satumba 2009 yanzu sun zama samari da 'yan mata, su ne za su gina gidajen gaba. A kai su bakin magudanar Zogona a nuna musu inda ruwan ya kai.